Boris a Ƙarƙashin Kabewa

Na shafe fiye da rabin rayuwata a kwance ƙarƙashin motocin mutane a garin nan na Zuru, kuma yawancin ranakun sun narke mini sun zama rana ɗaya, giris da zafi da ƙarar guduma. Amma ranar da motar Baba Sajan ta shigo garejina ta ƙi narkewa cikin sauran. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin nan kafin in miƙa muku makullan shago, to shi zan ba ku. Na ga akwai baƙi a cikinmu da ba makanikai ba, saboda haka zan riƙa tsayawa ina bayani, ku masu sana'a ku yi haƙuri.

Damina ce ta kankama, dawa ta kai gwiwa, duwatsun bayan gari sun yi kore shar. Da hantsi ne, ina zaune a kan benci ina wanke kafireto, sai na ji wata ƙara tana tahowa daga bakin titi, gurnani mai kauri kamar ana niƙa tsakuwa a cikin tukunya. Ban ɗaga kai ba na ce a raina, boris ɗin gaba ne, kuma ya daɗe da mutuwa. Da na duba sai ga wata tsohuwar wagon ruwan toka, irin dogayen nan da aka daina shigowa da su tun muna samari. Wata mata ce ke tuƙi, ta riƙe sitiyari kamar mai ɗauke da kwanon miya mai zafi. A gefenta Baba Sajan ne.

Sunansa Bitrus, amma ba mai kiransa haka. Sajan ne da ya yi ritaya daga soja, ya dawo gida ya sayi motar da kuɗin sallamarsa. A lokacin da nake ba ku labari yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya bambance haske da duhu. Mai tuƙin 'yarsa ce, Rahila, malamar firamare, wadda tuƙinta bai wuce cikin gari ba. A kujerar baya kuwa wata tsohuwa ce zaune tsaf, ta sha atamfarta ta zuwa coci, da ƙullin kaya a cinya. Matarsa ce, Mama Asabe.

Na durƙusa na gaishe su. Baba Sajan ya laluba ya kama hannuna, ya ce, "Garba, motan nan yana kuka. Ka duba mani shi."

Na ce, "Baba, tun daga titi ta gaya mini abin da ke damunta. Bari dai in tabbatar."

Ga waɗanda ba su sani ba, boris wani zoben ƙarfe ne mai ƙananan gangunan ƙarfe jere a cikinsa. Yana zaune a cikin hob, wato kaskon da ake ɗaure taya a jikinsa, shi ke sa taya ta juya a kan sandarta ba tare da ƙarfe ya ci ƙarfe ba. A irin wannan motar kowace tayar gaba tana da biyu, na ciki da na waje, kowanne da kofinsa da yake gudu a kai. In ya fara lalacewa, za ka ji amo kamar na jirgin sama can nesa, yana ƙaruwa da gudu, yana canza murya in ka karkata sitiyari. In ka ƙyale shi, wata rana zai yi zafi ya kame, ko taya ta rabu da mota tana tafe.

Da ƙyar Rahila ta lallaɓa mahaifiyarta ta fito ta zauna a inuwa, hakan ma sai da aka bar ƙofar motar a buɗe tana kallonta. Na sa jak na ɗaga gaba, na tokare da kututture. Na kama tayar hagu sama da ƙasa na girgiza, sai ta amsa mini, ƙwal-ƙwal. Na juya ta, na ɗora tafin hannu a kan sifirin ɗin da ke bayan tayar, na ji ɓarzar tana hawowa har gwiwar hannuna. Ta dama ma haka, sai dai da sauƙi kaɗan. Na cire tayoyin, na kwance birki na rataye shi da waya, na ɓalle hular hob, na zare fin ɗin da ke kulle noti, na kwance notin. Da hob ya fito, giris ɗin ciki ya koma baƙar laka mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, gangunan sun yi shuɗi saboda wuta, wasu duk sun fashe.

Na ce, "Baba, duka huɗun sun tafi. Motar nan ba ta zuwa ko'ina sai an canza su."

Rahila ce ta ja ni gefe ta yi mini bayani. Ta ce shekara biyu ke nan hankalin Mama yana ta janyewa a hankali, kamar ruwan rafi da rani. Ta manta sunayen jikokinta, wani lokaci ma ba ta gane Rahilar. Amma kullum da safe sai ta yi wanka, ta ɗaure ƙullinta, ta je ta zauna a bayan motar nan a gindin mangwaro, tana jira a kai ta gida. Gidan da take nufi ƙauyensu ne, can a kan dutse, in ka bar hanyar Danko ka yi ciki. Ƙanwarta tana can. Sun taɓa gwada sa ta a bas, ta yi ta ihu har sai da aka sauke su. Babur kuwa ba ta iya zama. Wannan motar kaɗai ta yarda da ita.

"Likita ya ce jikinta na sauka, Malam Garba," in ji Rahila. "Kuma akwai rafi kafin ƙauyen. Da zarar marka ta sauka, mota ba ta haye shi sai bayan damina. Ban sani ba ko za ta kai."

Ta ƙara da cewa fanshon Baba kusan duk a magani yake ƙarewa, in yi abin da zai yiwu da ɗan abin da suke da shi. Na waiwaya na dubi tsohuwar. Tana zaune a kan bencina, idonta a kan duwatsu, tana murmushi da wani abin da mu ba ma gani.

Da azahar na ɗauki hob ɗin biyu na nufi layin masu sayar da kayan gyara, bakin tasha, wurin Emeka. Da yawanku kun san shi, ya tsufa a garin nan, Hausarsa ta fi ta wasunmu. A sana'armu kayan gyara iri uku ne. Akwai sabo na asali, mai tsada, wanda in ka sa ka huta. Akwai kwatano, wanda aka ciro daga motocin da suka gama aiki a ƙasashen waje, ya sha tafiya amma ƙarfensa na gaske ne. Sai na uku, sabo fil a kwali mai kyau da rubutu mai sheƙi, mai araha, wanda ƙarfensa bai fi na gwangwanin madara ba.

Emeka ya goge gefen boris ɗin da tsumma, ya karanta lambar, ya yi tsaki. "Oga Garba, wannan ai ya zama tarihi." Ya buga waya Kontagora, babu. Ya buga Kaduna, aka ce sai dai a nemo daga Legas, kuma kuɗin da aka faɗa ko a mafarki Baba Sajan ba zai iya ba, ga jira na makonni. Sai ya hau tsani ya sauko da wani kwali mai ƙura, irin na ukun nan mai araha, ya ajiye a gabana, amma bai ɗauke hannunsa daga kai ba.

"Wannan zai shiga," ya ce. "Lambar ɗaya ce. Amma ina motar za ta?"

Na gaya masa. Ya ja kwalin ya mayar bayansa.

"A cikin gari zan sayar maka. Kan dutse, da tsohuwa a baya, ba da hannuna ba."

Ya zauna yana buga biro a kan tebur. Can sai ya ce akwai wani Bafulatani, Ardo Buba, a wajen Sakaba, mai irin wannan motar sak. Da can yakan zo sayen fulogi da bel, amma ya yi shekaru bai leƙo ba. "Ko ya sayar, ko ta mutu. In mutuwa ta yi, inji ne, don na sha gaya masa yana shan mai. Ƙafafunta kuwa lafiyarsu lau, mutumin ba ya gudu."

Washegari da sassafe na ɗaure hob ɗin Baba Sajan a bayan babur don gwadawa, da jak da akwatin sifana da gwangwanin giris, na kama hanya. A lokacin mutum yana shiga dajin nan shi kaɗai ba fargaba. An yi ruwa kafin asuba, ƙasa na ta ƙamshi. Gajimare ya sauko ya kwanta a kafaɗun duwatsu, sai ka ga kan dutse yana shawagi shi kaɗai a sama, ba gindi. Manoma sun jeru a gonakin gangare, garemaninsu na tashi tare suna sauka tare, waƙarsu tana iso ni guntu-guntu in iska ta juyo. Na yi ta tafiya har na daina jin ƙarar babur ɗin. Na tuna mahaifina, wanda ya so in gaji gonarsa, na tuna ranar da na fara jin warin fetur a tasha na ji duniya ta buɗe mini. Sau biyu ina wuce mararrabar da aka kwatanta mini, ba don ban gan ta ba, sai don hankalina ba ya tare da ni.

Wasu mata masu tallan nono ne suka nuna mini rugar. Na tarar da Ardo Buba a gindin tsamiya yana tufka igiya, dogon tsoho siriri, fari, da malafa a gefe. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, aka kawo mini fura da nono a ƙwarya, sai da na sha na ƙoshi sannan ya ce, "To, baƙo, mi at tahe da kai?"

Na ce mota nake nema, irin wadda aka ce yana da ita.

Ya yi dariya, ya miƙe ya ce in biyo shi. Muka zaga bayan bukkoki. Na duba ban ga mota ba, sai wani tudu kore. Sai da muka matso na gane. Kabewa ce ta hau motar ta lulluɓe ta tun daga bamba har but, faffaɗan ganye kan ganye, furanni rawaya sun buɗe, ƙudan zuma na ta shiga suna fita. Ta tagar da ba gilashi na hango kaza kwance a kan ƙwai a kujerar direba, ta juyo ta dube ni da ido ɗaya. Hasken da ke ratsa ganyen ya mayar da cikin motar kore, kamar ƙarƙashin ruwa. Na daɗe a tsaye. Na ga motoci matattu ba iyaka a rayuwata, amma ban taɓa ganin wadda mutuwa ta yi wa kyau haka ba.

Ardo ya ce ya saye ta ne zamanin da shanu ke da yawa, don kai mata kasuwa da nono. Wata rana inji ya buga, aka jawo ta da bijimai aka ajiye nan. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun fi a ƙirga, ya hana. "Nan jikokina suka koyi tahiya, suna dahe da ita. Ba ni saida ta ga masu guduma."

Na ce ni ba duka nake so ba, ƙafafun gaba kawai. Na ba shi labarin Mama Asabe da ƙullinta da rafin da ke shirin cika. Ya saurara yana shafa gemu, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Tsohuwa ta so gida. Mu da muka yi yawo mun san wanga ciwo." Sai ya kafa mini sharaɗi. Kabewar ta uwargidansa ce, kada in karya ko reshe ɗaya. Kuma kada in bar masa mota gurguwa, in na cire nata in sa mata waɗanda na zo da su, ko da matattu ne, ta tsaya da ƙafafunta. Da na yi maganar kuɗi sai ya nuna mini wani babur jingine da rumbu, ya ce wata guda ke nan ya ƙi tashi, in duba shi, shi ke nan.

Ban taɓa aiki a hankali irin na ranar ba. Tayoyin sun sace sun nutse a ƙasa, sai da na haƙa rami kafin jak ya sami wurin zama, na sa faffaɗan dutse a ƙarƙashinsa. Rassan kabewar na riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina ɗorawa a kan bonet kamar mai gyara wa jariri kwanciya. Notocin taya sun yi tsatsa, na jiƙa su da baƙin mai na koma wurin babur. Fulogi ne ya yi baƙi, kafireto kuma ya toshe da datti, kafin la'asar ya tashi, Ardo ya hau ya zaga ruga yana dariya kamar sabon ango. Na dawo wurin motar na kwanta a ƙarƙashin ganye. Sanyi, ƙamshin ƙasa, kukan ƙudan zuma, can nesa saniya na kiran ɗanta. Da na ɗora ƙurfi a kan hular hob don in ɓalle ta, sai da na yi bisimilla, don in ruwa ya shiga cikin shekarun nan, tafiyata ta tashi a banza.

Hular ta ɓalle. Giris ɗin ciki ja ne, mai tsabta, kamar jiya aka sa. Na lakato da yatsa na murza, ba tsakuwa ba garin ƙarfe. Ɗaya gefen ma haka. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

A nan ku masu koyo ku kula. In za ka sa boris na hannu, kada ka raba shi da kofinsa. Sun yi shekaru suna gudu tare, kowanne ya ɗauki siffar ɗan'uwansa, in ka haɗa shi da baƙon kofi ba za su daɗe ba. Shi ya sa na ɗauko hob ɗin gaba ɗaya, ban buge komai daga ciki ba, na kuma ɗaura tsumma a na hagu don kada su rikice. Na mayar wa motar Ardo da na Baba Sajan, na ɗaure tayoyinta, na sauke ta, na mayar da rassan yadda na same su. Uwargidan Ardo ta zo ta zaga motar tana dubawa, da zan tafi kuma na tarar an rataya mini gorar man shanu a hannun babur.

A gareji na wanke boris ɗin huɗu da kananzir, na shanya, na duba gangunan ɗaya bayan ɗaya a rana. Ba rami, ba shuɗi, ba tsatsa. Daga wurin Emeka na sayo sil sababbi, wato robar da ke hana giris fita da ruwa shiga, da fin sababbi, da giris mai kyau. Waɗannan ba su da tsada, kuma su ne ba a yi musu rowa. Na zuba giris a tafin hannu na riƙa danna boris a kai har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Na mayar da hob, ina ɗaure noti ina juya shi har ya zauna, sannan na sassauta kaɗan, don in ka matse shi zai yi zafi, in ka sake shi zai yi wasa. Na sa fin, na rufe hula, na mayar da birki da tayoyi. Na fita gwaji har bayan gari na dawo, na taɓa hob ɗin biyu, ɗumi kawai. Abin da Rahila ta biya bai wuce kuɗin sil da giris da man babur ba.

Baba Sajan ya ce, "Garba, Rahila ba zai iya hanyan dutse ba. Kai za ka kai mu." Na rufe shago na ce to.

Muka tashi da safe, shi a gefena, Mama Asabe da Rahila a baya. Da muka hau kwalta motar ta miƙe shiru, ba ka jin komai sai shuuu na taya a kan jiƙaƙƙen titi. Baba Sajan ya sauke gilashi ya miƙa fuskarsa ga iska, idanunsa a rufe. Bayan mun bar hanyar Danko mun shiga ta ƙasa, sai na ji murya a bayana, siririya, tana magana da yarensu. Ina jin yaren kaɗan-kaɗan. Mama Asabe ce ke kiran sunayen abubuwa, wannan dutsen, waccan ɗorawar, gonar wane, rijiyar wance. Matar da ba ta san sunan jikokinta ba. Ta madubi na ga Rahila ta rufe baki da gyale.

Muka iso rafin. An yi ruwa a kan duwatsu, rafin ya taso ja, yana gudu da karare, ga wani hadarin yana haɗuwa a gabas. Na tsaya na fita. Na naɗe wando na shiga da sanda, ruwan ya kai mini gwiwa a tsakiya, amma ƙasan tsakuwa ce, ba laka ba. Na dawo na kafa tsinke a bakin ruwa, muka zauna jira. Ina da dalili biyu: in ga ko ruwan sauka yake ko hawa, kuma hob ya huce, don ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwan ciki. Muna zaune Baba Sajan ya ce, "A nan nake wanke garma." Ya ba ni labarin golmo, al'adarsu da saurayi ke yi wa iyayen yarinya noma shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Shi da abokansa sun yi wa mahaifin Asabe noma a gangaren da ke hayin rafin nan, tun kafin ya san soja. Ya ce takan kawo musu kunu, ta ajiye ta juya ba ta dubi kowa ba.

Ruwan ya ja baya daga tsinken da faɗin tafin hannu. Iska ta fara kaɗa ganye. Na ce, "Baba, ko yanzu ko sai kaka." Ya ce, "Mu je." Na sa giya ɗaya, na shiga a hankali, ban ɗaga ƙafa ba. Ruwa ya bugi ƙofa, bayan motar ya ɗan goce, Rahila ta kira sunan Yesu, ni ina salati. Tayoyin gaba suka kama tsakuwa, suka ja mu, muka haye.

Ƙauyen 'yan gidaje ne da rumbuna a tsakanin manyan duwatsu. Kafin in kashe mota mutane sun kewaye mu. Ƙanwar Mama Asabe ta fito da gudu, ita ma tsohuwa, tana kuka tana tafa hannu. Amma Mama Asabe ba ta tsaya ba. Ta buɗe ƙofa da kanta, ta bar ƙullin a kujera, ta bi wata 'yar hanya ta bayan rumbuna, tana tafiya kamar ba ita ce ake riƙewa ba. Muka bi ta, Rahila na jan hannun mahaifinta. Ta tsaya a bakin wata gona mai gangara, dawa na kaɗawa, yayyafi ya fara sauka. Ta daɗe tana kallo. Sai ta juyo ta dubi mijinta, ta kira shi da wani suna da ban taɓa ji ba, Maidawa, sunansa na ƙuruciya. Ta faɗi wata magana da faɗa-faɗa, tana nuna gonar.

Mutane suka fashe da dariya. Baba Sajan ma ya yi dariya, har ya durƙusa ya dafa ƙasa, dariyar ta koma kuka. Na tambayi Rahila me ta ce. Tana share hawaye ta ce, "Wai kunyoyinsa sun karkace. Wai in Babanta ya gani, sai ya ƙara masa shekara."

Rahila ta ce mini rabon da ta gane shi tun bara.

Ni da Rahila muka juyo a ranar kafin rafi ya rufe. Baba Sajan ya ce shi ba inda za shi. Suka yi daminar tare a can, kullum ana kai su bakin gonar su zauna. Mama Asabe ta rasu bayan an yanke dawa, aka binne ta kusa da iyayenta. Ni na koma na ɗauko Baba Sajan. Motar kuwa Rahila ta riƙe, ta koyi hanyar dutsen, ta yi shekaru tana sauko da marasa lafiya da masu naƙuda daga ƙauyen zuwa asibiti. Boris ɗin nan, ban da sabunta giris, ban sake taɓa su ba har injin ya gaji.

Abin da na ɗauka daga wannan aikin shi ne, araha ba ita ce kwalin da ya fi ƙaramin kuɗi a kan kanta ba. Wani lokaci kayan kirki mai sauƙi yana nan, sai dai ba a shago yake ba, sai ka tambaya, ka hau babur, ka sha furar mutane ka saurare su. Na kuma gane sana'ar nan ba mu kaɗai ke yin ta ba. Mai shagon da ya mayar da kwalinsa ya bar ciniki ya wuce, da makiyayin da ya ba da ƙafafun motarsa, da su aka yi gyaran, ko da ba su riƙe sifana ba. Ku riƙe irin waɗannan mutanen, kada ku cuce su, su ne jarin bakanike. Kuma duk motar da aka kawo muku, kafin ku sa jak, ku leƙa ku ga wa ke zaune a baya.